SHIRUN YARO BA KULLUM NE LADABI BA



'Yan uwa, darasin yau na iyaye ne da malaman Islamiyya, kuma zan fara shi da wani kuskure da ni kaina na tafka, don kada wani ya ɗauka daga sama nake magana.

A Islamiyyar da ke jikin masallacinmu akwai wani yaro ɗan shekara 9. Idan kana neman misalin yaro mai ladabi, shi za a nuna maka. Ba ya surutu a aji, ba a taɓa kawo ƙararsa ba, idan zai gaishe ka sai ya durƙusa har ƙasa. A walimar ƙarshen shekara da hannuna na miƙa masa kyautar ɗalibin da ya fi kowa ladabi, mahaifinsa yana sahun gaba yana murmushi. Ba a rufa wata biyu ba sai ga mahaifin ya tare ni bayan isha'i, ransa a ɓace, wai an kama yaron yana ɗaukar kuɗi a jakar mahaifiyarsa. Ya ce, "Malam, sau biyu ina zane shi, ya ƙi faɗin abin da yake yi da kuɗin." Da muka bi abin a hankali sai gaskiya ta fito. Wani yaro ne da ya girme shi yake tare shi a hanyar makarantar boko yana karɓe masa kuɗin tara, kuma an ɗauki watanni ana haka. Ranar da ba a ba shi kuɗi a gida ba dole ya nemo, don ya san abin da ke jiransa a lungu.

Abin da ya hana ni barci shi ne, a cikin waɗannan watannin na yi musu darasi a kan zalunci. Na tambayi aji, "Idan wani ya ƙwace maka abu, me za ka yi?" Wallahi yaron nan yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ya ce, "Zan ce masa ya ji tsoron Allah, idan ya ƙi in faɗa wa Malam." Na ce madalla, Allah Ya yi maka albarka. A ranar ma an karɓe masa.

To ka ga matsalar tambaya kenan. Idan ka tambayi yaro me zai yi, amsar da ya san kana so ita zai ba ka, kuma ba ƙarya ya yi ba, ya san amsar. Amma sanin amsa daban, iya buɗe baki a gaban wanda ya tsare ka da ido kuma daban. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa na koma kan wani abu da muka karanta a jami'a a darasin ilimin halayyar yara, wanda a lokacin na haddace shi don jarrabawa kawai. Malaminmu yana kiransa tamsilul adwar, wato a shirya wa yaro wani yanayi na kwaikwayo, a sa shi a ciki, a ga abin da zai yi da bakinsa da jikinsa. Halin da ake son aunawa kuma Larabawa suna ce masa taukiduz zati. Da Hausa ni dai "tsayuwa" nake ce masa: yaro ya iya faɗin abin da yake so ko wanda ba ya so, ya nemi haƙƙinsa, ya ce a'a inda ya kamata, ba tare da ya zagi kowa ko ya kai hannu ba.

Idan aka taɓa haƙƙin yaro, ɗayan uku zai yi. Ko ya miƙa wuya ya haɗiye, ko ya hau faɗa da zagi, ko ya tsaya ya yi magana. Mu iyaye na biyun kaɗai muke gani a matsayin matsala, saboda shi ne yake jawo mana ƙara daga maƙwabta. Na farkon kuwa yabonsa muke yi: "Ai wane salihi ne, ba ruwansa." Alhali su biyun abu guda suka rasa. Dukkansu ba su san kalmar da za su faɗa ba a lokacin da zuciya ta ɗau zafi, ɗaya sai bakinsa ya mutu, ɗaya sai hannunsa ya riga bakinsa.

Na san wani zai ce, Malam, ai kunya alheri ce. Haka ne, kuma ba ni da ja. Amma ku duba yara biyu a majalisin Manzon Allah (SAW). Na farko, an kawo abin sha, Annabi ya sha, a damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Sunna ita ce a fara da dama. Sai ya nemi izinin yaron ko zai bari a fara ba dattawan. Yaron ya nuna ba zai bar wa kowa rabonsa na abin da ya fito daga hannun Annabi ba, sai Annabi ya danƙa masa ƙwaryar. Malamai sun ce Ibn Abbas ne. Ba wanda ya ce masa mara kunya. Na biyu Abdullahi ɗan Umar, ranar da Annabi ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Shi kuwa ya faɗo masa a rai dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, ga Abubakar ga Umar ba su yi magana ba, sai ya yi shiru. Da ya ba mahaifinsa labari daga baya, Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa. Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim. Uba ne fa yake cewa ɗansa da ka yi magana a gaban manya. Mu yau da "ka kyauta da ka yi shiru" za mu ce.

Yanzu ga asalin gwajin. Masu ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka ne suka tsara shi a rubuce. A 1977 wasu masana uku a Jami'ar Pittsburgh, Bornstein da Bellack da Hersen, suka fitar da bincike a kan yara huɗu masu irin wannan sanyin. Sun shirya gajerun yanayi irin na makaranta, kamar ka ba da aron fensir a dawo maka da shi a karye, ko ka tashi ka dawo ka tarar wani ya zauna a kujerarka. Mutum ɗaya zai karanta wa yaro yanayin, wani da ke zaune kusa da shi ya jefa masa maganar abokin rigimar, yaron ya amsa kamar da gaske ne. Ana ɗaukar abin a bidiyo, daga baya a zauna a auna: yana kallon mai magana da shi? Muryarsa tana fita? Ya nemi a canja abin da aka yi masa, ko kuwa ya tsaya a ƙorafi? Bayan sun gane inda kowane yaro yake da rauni sai suka koyar da su ta hanyar bayani, da nuna musu a aikace, da maimaitawa, da gyara. Yaran sun canja, har a yanayin da ba a koya musu ba, kuma da aka sake duba su bayan mako biyu da mako huɗu canjin yana nan.

Ba sai kana da kyamara ba. Kuma kwaikwayo ba baƙon abu ne ga yaranmu ba. Yaran da ke tashe da azumi, wannan ya zama tsoho wannan ya zama mai gida, da 'yan matan da ke aurar da 'yar tsana, da waɗanda ke jera ƙannensu suna "ni ce malama", ai duk shi suke yi. Bambancin kawai, a nan kai ne ka zaɓi yanayin, kuma ka san abin da kake dubawa.

Ga yadda na yi da yaron nan. Bayan an tashi na riƙe shi, shi da wani ɗalibi babba mai hankali wanda yake sakewa da shi. Ban kira wanda ke zaluntarsa ba, kuma kada wani ya yi wannan gangancin. Ni ma ban hau matsayin abokin rigimar ba, domin babu yaron da zai ce wa limaminsa a'a, ko da wasa. Na ce musu wasa za mu yi, babu bulala babu maki, kuma ba za a faɗa wa kowa ba. Muka fara da mai sauƙi don ya sake: ya je shago sayen sabulu. Ya yi dariya, ya saya, ya biya. Sai na ce, "To, mai shago ya ba ka canji, ka ƙirga ka ga babu naira hamsin a ciki." Babban ya miƙa masa takardu ya ce, "Ungo, yi sauri, akwai mutane a bayanka."

Yaron ya kalli takardun, ya kalle ni, ya yi murmushi, ya juya zai tafi.

Na ce, "Canjinka fa bai cika ba." Ya ce, "Ba komai Malam." Na ce, "Idan Umma ta tambaya fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai in ce sun faɗi."

'Yan uwa ku tsaya a nan. A cikin minti biyu na ga abin da ban gani ba a shekara biyu: ya fi masa sauƙi ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya ya sha duka, a kan ya ce wa mai shago kalma huɗu. Daga nan zuwa jakar uwa ai ba nisa.

Sai muka shiga na biyu, wani ya tare shi ya ce kawo kuɗin. A nan na koyi abin da ya fi komai amfani a wannan hanya, wato kada ka tsaya a magana ɗaya. Karo na farko ya iya cewa, a hankali, "Nawa ne." Da a nan na tsaya da na ce ya ci. Amma na riga na gaya wa babban ya matsa sau biyu ko uku. Da ya ce, "Na ce ka kawo, ko sai na mare ka?" sai hannun yaron ya tafi aljihu da kansa, aljihun da babu komai a ciki. Yara da yawa suna da a'a guda ɗaya. Abin da kake son sani shi ne ko suna da ta biyu da ta uku, domin azzalumi ba ya tafiya a ta farko.

Me nake dubawa? Ina riƙe 'yar takarda, amma ba na rubutu a gabansa, sai ya fita. Ina lura da tsawon shirun da ya yi kafin ya amsa, a zuci nake ƙirgawa. Ina lura ko wanda ke taku uku daga wurin zai ji muryarsa. Ina kallon jiki, ko ya ja da baya, ko yana wasa da bakin riga, ko yana dariyar da ba ta daɗi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mafi muhimmanci kuma, maganar da ya yi tana ɗauke da buƙata ko babu? "Kai, ba kyau fa" ƙorafi ne. "Ba ni fensirina" buƙata ce. "Baba, canjin bai cika ba, saura hamsin" buƙata ce, kuma ga ladabi a cikinta. Sannan idan abin ya fi ƙarfinsa, ya san ya bar wurin ya nufi babba? Barin wuri a nemi taimako shi ma tsayuwa ce, ku daina ce wa yara ragwanta ne.

Amma akwai inda ba za mu kwafo ma'aunin Amurkawa yadda yake ba, shi ne maganar kallon ido. Su a wurinsu yaron da ke kallon idon mai magana da shi ya samu maki. Mu kuwa yaron da ya kafe babba da ido tsaurin ido ya yi, kuma tun yana ƙarami ake hana shi. Idan ka ɗauko takardarsu ka auna 'ya'yanmu da ita, yaro mai tarbiyya zai fito a mai rauni, fitsararre ya fito a gwarzo. Don haka ni na raba. Idan da sa'ansa yake magana, ina so ya fuskance shi, kada ya yi magana da ƙasa. Idan da babba ne, ya sunkuyar da kai, ya durƙusa ma in ya so, amma maganar ta fita kuma ta cika. Yarinya za ta iya cewa, kanta a ƙasa, "Kawu ka yi haƙuri, Abba ya hana ni zuwa ko'ina ba da izininsa ba," ta juya ta tafi. Ba ta bar ladabi ba, kuma ba ta bi shi ba. Wannan muke nema.

Kada kuma a taƙaita abin a kan ƙin yarda kaɗai. Mu'amala ta fi haka faɗi. Gwada shi a kan yara suna buga ƙwallo yana son shiga, yaya zai yi? Wani zai tsaya a gefe har a tashi. Wani zai faɗa tsakiya ya ɗauke ƙwallon, a kore shi, ya dawo gida yana cewa ba sa sonsa. Gwada shi a kan ya taka allon wani bisa kuskure, ko bai gane karatu ba yana son Malam ya maimaita, ko an yaba masa, ko abokinsa ya zo yana kuka an yi musu rasuwa. Akwai wata yarinya da malamarsu ta gwada, wadda kowa ya sani da tsiwa, ba mai taɓa ta. A yanayin ƙwace kaya ba ta da matsala ko kaɗan, sai ma da aka ce ta rage. Amma da aka ce ta zubar wa ƙawarta tawada a littafi ta ba ta haƙuri, sai ta yi tsuru-tsuru, can ta ce, "Ai ita ta ajiye a hanya." Aka sake, ta sake faɗin haka. Ba taurin kai ba ne kawai. Da malamar ta ce mata, "Ce: yi haƙuri, ban gani ba, bari in goge miki," sai ta maimaita tana jin nauyin kalmomin kamar baƙon yare. Wataƙila ba ta taɓa jin wani babba ya faɗe su a gabanta ba. Wannan kuma tambaya ce gare mu, ba gare ta ba.

Akwai yanayi guda da nake roƙon kowace uwa ta gwada da 'ya'yanta, maza da mata, a cikin ɗaki, cikin raha. Wani babba da yaron ya sani ya ce, "Zo ciki ka karɓi alewa, amma kada ka faɗa wa Umma." Na ce wanda ya sani, domin masu aiki a kan cin zarafin yara sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan masu yin wannan ta'asa ba baƙi ba ne, mutanen da yaro ya saba da su ne. Mu kuwa kullum "kada ka bi wanda ba ka sani ba" muke koyarwa, sannan mu ƙara da "duk abin da babba ya ce ka yi, ka yi." Ka haɗa waɗannan biyun ka ga ƙofar da muka bari a buɗe. A wannan yanayin babu taɓa jiki ko kaɗan, magana ce kawai, kuma ga ƙanana 'yar tsana ta wadatar. Kada a kira sunan wani ɗan uwa na gaske. Abin da ake so a gani: zai ƙi? zai bar wurin? zai zo ya faɗa duk da an ce kada ya faɗa? Idan kuma kina cikin wasan yaro ya canja fuska, ko ya fashe da kuka, ko ya ce "ai wane ma yana cewa haka", to wasa ya ƙare. Kada ki yi ihu, kada ki rufe shi da tambayoyi, kada ki ce ƙarya yake. Ki saurara, ki gaya masa ya kyauta da ya faɗa, sannan a nemi likita da hukuma. Rufa-rufa don gudun abin kunya ita ce take ba mai laifi damar komawa kan wani yaron.

To, yanzu gaskiyar da ya wajaba in faɗa, don kada gobe wani ya yi wasan minti goma ya yanke wa ɗansa hukunci. Wannan gwaji yana da iyaka, kuma waɗanda suka tsara shi da kansu suka fara faɗa. A 1981 Van Hasselt tare da Hersen da Bellack suka gwada shi da abin da ake gani a zahiri: yadda yaran suke mu'amala idan an bar su, da abin da 'yan ajinsu suke cewa a kansu, da abin da malamansu suke cewa. Sai suka tarar dangantakar tana da rauni sosai. Da aka maimaita wa yaran gwajin ma, sakamakon bai tsaya wuri guda ba. Ma'ana, yaro zai iya yin ƙoƙari a kwaikwayo ya kasa a fili, wani kuma ya daburce a gabanka alhali a cikin sa'anninsa lafiya lau yake.

Shin wannan ya rushe hanyar? A fahimtata a'a, ya dai nuna mana tambayar da take amsawa. Wani masani Ba'amurke, Frank Gresham, ya bambance tsakanin yaron da bai iya ba da yaron da ya iya amma ba ya yi. Kwaikwayo na farkon yake bayyanawa. Idan a ɗaki, babu barazana, tare da wanda ya sake da shi, yaro ya kasa haɗa jimlar, to bai iya ba, maganinsa koyarwa: ka faɗa masa, ka nuna masa, ya maimaita, ka gyara, gobe a sake. Idan kuwa a ɗaki ya yi tsaf amma a waje ya kasa, to kalmomin suna nan, wani abu ne yake danne su, kuma ƙara masa darasi ɓata lokaci ne. Sai ka nemo abin da yake tsoro.

Sau da yawa kuma abin da yake tsoro yana cikin gida. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware fasali a Muƙaddima a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su. Ya bayyana cewa wanda aka rena da ƙarfi da tursasawa yakan koyi ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa, kuma har kishin kare kansa da gidansa yakan mutu a zuciyarsa. Kamar yaron nan yake siffantawa. Yaron da duk ranar da ya ce "Abba ba ni ba ne" sai an ƙara masa bulala saboda ya mayar da magana, ya riga ya koyi darasi: magana tana ƙara wahala. Ranar da ɗan unguwa ya tare shi, da wannan darasin zai yi aiki. Ba za ka kashe a'a a gida ba sannan ka sa ran za ta tashi a lungu.

Shi ya sa kwaikwayo shi kaɗai ba ya isa. Gresham ɗin nan da abokin aikinsa Elliott, a ma'aunin da suka fitar a 1990, sun haɗa bayanin malami da na iyaye da na yaron kansa, suna duba haɗin kai, da tsayuwa, da ɗaukar nauyi, da tausayi, da kame kai. Kai ma haka za ka yi daidai ƙarfinka. Ka tsaya daga nesa lokacin tara ko bayan an tashi ka kalli wa yake wasa da wa, wa ke riƙe wa wasu jaka kullum, wa ke cin abincinsa a ɓoye. Ka tambayi uwa, ta fi ka sani. Ka tambayi yaran ajin ɗaya bayan ɗaya, a asirce, wa suke so su zauna kusa da shi. Wannan dabarar tsohuwa ce, Jacob Moreno ya yi rubutu a kanta tun 1934. Sunan da bai fito a bakin kowa ba, wannan yaron ka sa masa ido. Amma kada ka tambaye su wa suka ƙi, kada ka koya musu abin da ba ka so.

Wata mas'ala a gefe, don na san za ta zo a ran wasu. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan tamsiliyya. Shaikh Bakr Abu Zaid ya rubuta littafi yana hanawa, Shaikh Ibn Usaimin kuma ya halatta da sharuɗɗa. Ni abin da na natsu da shi, wannan da muke magana koyarwa ce tsakanin uba da ɗansa ko malami da ɗalibinsa, kowa ya san misali ne, ba a yaudari kowa ba, ba a kwaikwayi wani mutum sananne don izgili ba, namiji bai zama mace ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya yi da 'yar tsana ko ya tsaya a kallon yaran a fili. Wallahu a'alam.

Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne mutuncin yaro. Kada a yi a gaban aji. Kada a yi dariya idan ya kasa, ko da abin ya ba da dariya, kuma wani lokacin yana bayarwa. Kada a fito a ce "ashe kai matsoraci ne", kada a ba 'yan uwansa labari a wurin cin tuwo. Yanayi uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya, kuma a rufe da wanda zai iya, ya tashi yana jin ya yi wani abu. Idan ka ga tsoron ya wuce misali, yaro ba ya magana sam a wajen gida, ko ba ya barci, ko ya ƙi makaranta gaba ɗaya, wannan ya wuce aikin liman da uba, a kai shi asibiti a ga masana.

Yaron namu mun yi kusan wata biyu muna zama da shi, sau biyu a mako, minti goma zuwa sha biyar. Maganar wanda ke tare shi kuwa manya ne suka kashe ta, mahaifinsa ya je ya samu iyayen wancan, domin ba a barin ɗan shekara 9 ya fuskanci wanda ya fi ƙarfinsa da sunan koyon jarumta. Na kuma zauna da mahaifin, zaman da ya fi na yaron wuya. Na roƙe shi abu ɗaya: idan yaron ya ce "Abba ba haka ba ne", ya bari ya kai ƙarshen maganarsa kafin ya yanke hukunci. Ya ce zai gwada, amma shi ba haka aka rene shi ba. Na ce ni ma haka.

Har yanzu yaron shiru-shiru ne, kuma ban so ya canja daga hakan ba, halittarsa ce. A kwaikwayo yanzu yana kai wa a'a ta uku. A cikin yara kuwa wani lokacin yana yi, wani lokacin yana haɗiyewa. Makon jiya ina duba haddarsu na ce masa ya tsallake aya, ya koma baya. Ya yi shiru kaɗan, kansa a ƙasa, sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban tsallake ba." Na buɗe Mus'hafi na duba. Ni ne na yi kuskure.